Abin da iyayen Maradi ba sa tambaya kafin a zaɓi jami'a a Faransa

A hunturun da ya wuce, wani yaro ɗan Maradi da ke masta a wata babbar jami'a nan Faransa ya yi kwana uku kwance da zazzaɓi a ɗakinsa, ba wanda ya sani. Sai da mahaifiyarsa ta gaji da kira a WhatsApp, ta nemi wani ɗan unguwarsu da ke wani gari, sannan aka je aka buɗe ƙofar. Ya warke, alhamdu lillahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jami'a biyu suka karɓe shi, daga gida aka ce ya ɗauki wadda ta fi suna.

Sunan nan kuwa yawanci daga jerin Shanghai na manyan jami'o'in duniya yake fitowa, wanda ke ƙirga kyautar Nobel da yawan binciken da malamai suka buga. Ba ya ƙirga inda yaro zai kwana, ko da wa zai ci abinci.

A ɗauki biyun da aka fi kai ruwa rana a kansu. Paris-Saclay tana cikin 20 na farko a jerin, kuma ɗakunan bincikenta na lissafi da kimiyya sai wanda ya gani. Amma a kan tudu take, kudu da Paris, gonaki kewaye da ita. Daga tsakiyar birni sai ka hau jirgin RER B, ka sauka, ka jira bas ta haura da kai, kusan awa guda ke nan. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5. Ɗakin ɗalibi na CROUS, hukumar masaukin ɗalibai, sau da yawa mita 3 ne a kan mita 3: gado, tebur, taga ɗaya, da ƙofa mai rufe kanta. Maƙwabcinka zai ce maka sannu a matakala, ya shige, shi ke nan. Gidajen abincin ɗalibai galibi a rufe suke ran Lahadi.

Sorbonne, ɓangaren kimiyya na Jussieu, tana tsakiyar gari. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga aji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don jami'o'in gwamnati a nan ba sa ware wurin salla, kuma ba a tashi aji don Juma'a. Matsalarta haya: da wuya a samu ɗaki a Paris ƙasa da Yuro 700, sama da jika 450 ke nan duk wata. Doka kuma awa 964 kawai ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki a shekara, da ƙyar za su biya hayar kaɗai.

Duk da haka ni jami'ar cikin gari zan ce a ɗauka, ko ma a bar Paris a nufi Lille ko Toulouse inda haya ta fi sauƙi. Iyayena, kafin ku sa baki, ku sa yaron ya duba minti nawa ne daga ɗaki zuwa aji, ya nemi lambar ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin ya kira, ya ji ko suna haɗuwa shan ruwa da azumi. Ya kuma nemi ɗaki tun kafin rani, don wanda ya jira Satumba kan kujerar wani zai kwana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake raina Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Na san yajin aiki, na san jinkirin kuɗin ɗalibai, na san shekara na shiga cikin shekara. Amma a Ali Ɗan Sofo, unguwar da jami'ar take, ɗalibi ba ya fashin aji biyu ba a biyo sawunsa ba. Kafin la'asar 'yan fadarsu sun zo da fura, wani ya ɗauko babur an kai shi asibiti. Yaran da ke karatun noma da likita a can da mutane suke tashi, kuma mutanen da za su yi wa aiki ke nan. Mu da muka fito muna turo hotunan manyan gine-gine, mu ne muka koya wa ƙannenmu ganin abin da suke da shi ba komai ba ne.