Alhaji Ƙanƙamo da ramin kek

Amarya: Alhaji, ƙwai 4 nake so, da fulawa kofi 3, sukari kofi 2, bota, sai lemon zaƙi manya guda 3.

Alhaji: Suna za a yi gidanga ban da labari?

Amarya: Kek zan yi. Na lemo, mai ƙyalli a sama.

Alhaji: Ƙwai huɗu! Ke kin taɓa taya kiret a Tsohuwar Kasuwa? Mutum in yaj ji kuɗin sai ya nemi benci ya zamna.

Uwargida, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba: Ba ta, Alhaji. Ni da nin nemi manja jiya ka ce in jira albashi, kai da ba ka taɓa aikin gwamnati ba.

Ya bayar. Duk Tudun Wada ta Gusau an san Alhaji ba ya sakin naira sai ta yi gumi a hannunsa, amma lallen amarya bai gama fita ba, kuma amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwani mai kwarmi-kwarmi, da bututu tsaye a tsakiyarsa.

Uwargida: Wagga tukunya hwa? Ta nan hayaƙi ka hita?

Amarya: Yaya, Bundt ke nan. Kamfanin Nordic Ware ne na Minnesota, can Amurka, ya fara ƙera shi a 1950, ya kwaikwayo wani tsohon gwangwanin kek na Jamusawa. Bututun shi ke kai zafi ciki, don kada gefe ya ƙone a bar tsakiya ɗanye.

Uwargida: Uhum. Kakata tun kahin 1950 take tuyar masa, ba ta taɓa neman bututu ba.

Amarya ta ɗauko magogin kuɓewa ta hau goge ɓawon lemo. Lemon namu na Binuwai ne, kore shar ko ya nuna, na cikin wayarta kuwa ja ne kamar an shafa masa fenti, amma ta ce duk ƙamshin ɗaya ne, muddin ba a goga har an kai ga farin nan na ciki ba, don shi ke kawo ɗaci.

Alhaji: Tsaya. Har ɓawon za a ci?

Amarya: Shi ne ma ƙamshin.

Alhaji: To a nan kam Turawa sun yi hankali. Kin ji ko, Hajiya? Daga yau kowa yash sha lemo ya aje ɓawo.

Murnar ba ta daɗe ba. Yana juyowa ya ga tana bin kowane kwarmi na gwangwanin da bota, tana barbaɗa fulawa.

Alhaji: Shi ma gwangwanin sai ya ci bota? Cikin iyalina yake?

Amarya: In ban shafa ba kek ɗin kamawa zai yi, ya fito gutsi-gutsi.

Alhaji: Ai gutsi-gutsin za a yi mai a baki.

Ta buga bota da sukari har suka yi fari, ta fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya (kowanne ya fashe sai Alhaji ya ce innalillahi), ta zuba fulawa da hodar kek da ruwan lemo, ta juye a gwangwani. Ɗan ragowar ƙullun ta kwashe a gwangwanin madara. Ta saita obin a 180, ta ce minti 50.

Minti goma, ɗif, aka ɗauke wuta. Ba sai na faɗa muku ba, ku ma unguwarku haka ne. Takardar biya ce kaɗai ba ta taɓa ɓatan hanya, ko ana ruwa da ƙanƙara sai ta iso.

Amarya: Wayyo, Yaya! Zai kwanta!

Uwargida: Kira Minnesota mana.

Amarya: Yaya don Allah.

Uwargida: Sake hwaɗi, kunnen nan nawa bai ji sosai.

Sai da ta faɗa sau uku sannan Uwargida ta miƙe, ta ɗora babbar tukunya a kurfoti, ta zuba yashi a gindi, ta dasa gwangwanin a kai, ta rufe, ta ɗebi garwashi ta ɗora a murfi. Bayan La'asar aka soka tsinken tsintsiya ya fito tas. Amarya ta bar shi minti 15 ya huce, ta kifa a faranti, ya zame lafiya lau. Da ya yi sanyi ta kwaɓa niƙaƙƙen sukari da ruwan lemo, ta kwarara a sama yana gangarowa ta kwarmin. Hoto ta ɗauka ya fi a ƙirga kafin ta bar kowa ya matso.

Alhaji ya leƙa. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake leƙawa.

Alhaji: Ina tsakiyatai?

Amarya: Ai haka yake, Alhaji. Wurin bututun ne.

Alhaji: Ni hulawa kohi uku nib biya. Cikakku. Ba a auno min rami ba. Wa yac ci tsakiyar?

Uwargida: Gammo ta yi maka, ka ɗauki tulu.

Alhaji: Ku kira min yara! Kai Sani, buɗe baki. Hura. Lemo nika ji!

Sani: Baba, kai kac ce mu cinye ɓawon da yar rage.

Alhaji bai saurara ba. Ya zura yatsa a ramin, ya auna da ɗan yatsa biyu, ya ɗaga kai sama yana lissafi. A ƙiyasinsa ƙwai ɗaya cur da rabin kofin sukari ne suka yi ɓatan dabo. Amarya ta kawo gwangwanin ta nuna masa bututun. Ya ɗaga shi ya leƙa ta ciki, ya girgiza, wai ko abin ya maƙale. Ta nuna masa hotuna a waya, duk da raminsu. Ya ce wannan ya nuna cutar ta game duniya, su ma mazan Amurka haƙuri suke yi.

Ana haka Malam Liman ya yi sallama, ƙamshi ya biyo da shi tun daga bakin masallaci. Aka kai masa farantin zaure.

Alhaji: Allah gafarta Malam, a raba mu. Mutum ya ba da kuɗin abu cikakke, an kawo mai da rami. Mi al hukunci?

Liman: To, mas'ala ce mai zurhi. Sai an bincika. Ina wuƙa?

Ya yanka ɗaya ya ci. Ya ce bai kai ga ramin ba tukuna. Ya yanka na biyu ta ɓangaren gabas. A na uku ya nemi ruwa.

Alhaji: Malam, ramin ƙaruwa yakai.

Liman: Alhamdulillahi, ga shi yanzu ya samu ƙohwa. Abin da ad da ƙohwa kuwa ba a ce mai rami. Ƙara ta mutu.

Daga cikin gida Uwargida ta ce wa Amarya ta kai masa na gwangwanin madaran nan kafin ya kira mai unguwa. Sani ya kawo shi zaure, ɗan dunƙule, ya dasa a tsakiyar farantin. Ya zauna daram, kamar don wurin aka yi shi.

Alhaji: Kun gani? Kun gani ko, Malam? Da ban yi magana ba da ya tahi ke nan!

Liman ya miƙa hannu, wai zai tabbatar ko shi ne na asalin. Alhaji ya riga shi, ya sa a aljihun babbar riga, sukari na manne wa aska tara.

Alhaji: Sani, hwaɗa wa Antinku, in za ta sake yi, ƙwai ukku zan bayar. In tana son rami, ta saya da kuɗinta.