Rumbu biyu a gida ɗaya, hatsin kuma bai cika ko guda ba

Makon jiya wasu samari biyu 'yan jami'ar André Salifou ta nan Damagaram suka same ni a shagon wani abokina can Zango inda muke zaman shayi da yamma, kowa da kwamfutarsa a hammata, wai in raba musu gardama. Ashe kowannensu da abokansa sun kwashe watanni suna rubuta abu iri ɗaya a Java, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, wani ɗan laburare ne da zai karɓi kuɗin sefa a lamba ya mayar da shi yadda muke faɗa a baki, ka sa masa 100 ya ce dala ashirin, ka sa 1000 ya ce jika guda. Na wannan ya iya lissafin dala amma ɗ da ƙ ba sa fita daidai, na wancan rubutunsa tsaf amma da an wuce jika goma sai ya rikice. Tambayarsu wai wanne ya fi. Na ce musu yarana, ni abin da ya dame ni shi ne me ya sa har yau guda biyu ne.

Ga wanda ba harkarsa ba ce, laburare a nan ba ɗakin littattafai ake nufi ba. Dubi badukun Birni, ai ba shi ke jeme fata ba, majemi ne ya gama wannan wahalar, shi dai ya yanka ya ɗinka. To haka mai rubuta manhaja yake, akwai kayan da wasu suka riga suka haɗa na jera sunaye, na lissafin kwanan wata, na buɗe fayil, na magana da intanet, sai ya ɗauka ya ɗora nasa a kai. Yare in ba shi da wannan rumbun kayan, to suna ne kawai gare shi.

Kuma irin wannan rigimar ta taɓa faruwa a kan Java ɗin kanta. Kamfanin Sun na Amurka ne ya fito da ita a 1995, laburarenta kuwa a lokacin yana hannunsa, ba ka da ikon gyarawa ka raba wa jama'a yadda kake so. Sai masu son manhaja 'yantacciya suka ce bari mu rubuta namu daga tushe. A 1998 aka fara laburaren GNU Classpath a ƙarƙashin FSF, gidauniyar manhaja 'yantacciya ta Richard Stallman, a ɗaya ɓangaren kuma mutanen kamfanin Cygnus suna gina nasu laburaren mai suna libgcj domin GCJ, wato manhajarsu mai juya rubutun Java kai tsaye zuwa harshen kwamfuta. Aiki ɗaya, manufa ɗaya, mutane 'yan kaɗan, ga shi kuma Sun kullum sai ƙara sabbin kaya take yi, kafin ka kamo ta ta ƙara gaba. Kamfanin Red Hat ya sayi Cygnus a ƙarshen 1999, a 2000 aka shirya cewa za a haɗe ayyukan biyu.

Abin da nake so samarinmu su lura da shi a nan shi ne, ba da rubutun manhaja aka fara ba, da maganar mallaka da lasisi aka fara. Sai da aka miƙa haƙƙin mallakar libgcj ga FSF, aka daidaita a kan lasisin GPL, wanda ya ba kowa ikon gyara manhaja da raba ta muddin abin da ya fitar ma yana ƙarƙashin GPL, tare da wata togaciya wadda ta ce in ka jingina manhajarka da laburaren ba dole ba ne taka ma ta koma GPL, sannan kaya suka iya ƙetarawa daga nan zuwa can. Bayan haka ma aikin bai zo da sauƙi ba fa, shekaru aka yi ana bi ɗaya bayan ɗaya ana duba na wa ya fi a ɗauka a bar ɗayan, don ko hanyar da suke bi su yi magana da na'ura ta bambanta, su libgcj da C++ suke yi ta hanyarsu ta CNI, su Classpath kuma JNI suke bi. Duk wanda ya taɓa kwana uku yana rubuta abu aka zo aka ce a goge a ɗauki na wani ya san zafin, kuma ni ba na raina wannan zafin ko kaɗan.

Na san wani zai ce ai gasa ma tana da amfani, kuma da gaskiyarsa. A 1997 wasu sun ɓalle daga GCC, wato tarin manhajojin GNU masu juya rubutu zuwa harshen kwamfuta, sun kafa nasu mai suna EGCS saboda sun ga tafiyar ta yi nawa, aikinsu ya yi kyau har a 1999 aka ce su ne GCC ɗin yanzu. Amma ka ga ƙarshenta gida ɗaya aka koma, haka wasu manhajoji biyu, io.js da Node.js, suka rabu suka sake haɗewa a 2015. Ɓallewa tana da ma'ana in akwai saɓani na gaske kan inda aka dosa, su kuwa yaran nan na tambaye su saɓanin me ke tsakaninku, wallahi ba su da amsa in ban da sunan wa za a sa a sama.

Wani kuma zai ce to ina Classpath ɗin yau? Gaskiya ne, Sun ta saki Java a ƙarƙashin GPL a Nuwamban 2006, laburaren ya biyo baya a 2007, OpenJDK, wato Java ɗin da Sun ta buɗe wa kowa, ta ɗauke kasuwa, fitowar Classpath ta ƙarshe a 2012 ce, GCJ ma an cire ta daga GCC 7 a 2017. Amma je ka buɗe lasisin OpenJDK ka karanta, togaciyar nan ta Classpath ce a ciki har da sunanta, ita Sun ta ɗauka ta yi aiki da ita. Kuma lokacin da aka saki laburaren da 'yan giɓi saboda wasu sassan ba na Sun ba ne, aikin IcedTea na Red Hat da kayan Classpath ya toshe wasu daga ciki. Java ɗin da yaran nan biyu suka sauke kyauta suke gardama a kanta, gumin waɗancan mutanen yana ciki.

Mu a Damagaram lissafin ya ma fi tsanani. Masu iya wannan aiki a garin nan ba su da yawa, kuran yana ɗaukewa, kuɗin intanet daga aljihun ɗalibi yake fita, wanda ya ƙware kuma da ya gama karatu sai Yamai ko Kano. In mutum huɗu suna nan huɗu suna can, ranar da biyu suka tafi duka ayyukan sun mutu, alhali mai shago a kasuwar Dole da ke son rasit ya fito masa da dala da jika ba ruwansa da sunan wanda ya rubuta.

Abin da na ce musu shi ne su zauna su fara da lasisi guda a rubuce, kowa ya sa hannu ya yarda, a ɗauki lissafin wannan a ɗauki haruffan wancan, sunan kowa ya shiga fayil ɗin masu aiki, laburaren kuma a raɗa masa sabon suna wanda ba na kowa ba. Ɗayansu ya yi shiru can ya ce Malam to in an haɗe wa zai riƙa amincewa da gyara? Na ce mutum ɗaya daga kowane ɓangare, ba abin da zai shiga sai su biyun sun duba. Sun ce ranar Alhamis za su dawo da sauran abokansu, ni kuma na ce shayin ranar a kaina yake.