Igiyar Mita Biyu

Jiya hedimasta ya sa mu kwashe tarkacen da ke cikin sito, saboda gara ta fara cin tsofaffin rajistoci. A ƙarƙashin wani karyayyen benci na zaro wata igiyar rama mai ƙulli a kowane baki. Ina ganinta na gane ta, don ni na yanke ta da hannuna a ƙarshen shekarar 2020. Tsawonta mita biyu cif. Da ita aka ce mu riƙa auna tsakanin yaro da yaro.

Kafin wani ya yi mini fassara, ni ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce ko cutar masu kuɗi ce. An samu mutum na farko da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta ɓulla a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma duk wanda yake da ɗan'uwa a birni ya san yadda aka riƙa jin sanarwar rasuwar dattawa a jere a farkon azumin shekarar. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, daga baya ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a cikin birnin Kano a ɗan tsakanin nan, kuma rabi ko fiye da rabi ana jin korona ce sanadi. Cuta ta zo, ta kuma ɗauki rayuka. Maganata a kan maganin da aka rubuta mana ne, wanda aka auna da jikin wani aka ce mu sha.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ajin da nake koyarwa na auna shi da ƙafata ba sau ɗaya ba: faɗinsa mita bakwai, tsawonsa tara. Ka cire mita biyu na gaban allo inda malami zai tsaya, saura bakwai da bakwai. In ka bi umarnin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, na tazarar mita biyu, layi huɗu za ka samu, kowane layi yara huɗu. Goma sha shida ke nan. A rajistata a shekarar akwai yara 94. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare, wannan ma mun daɗe da mayar da ita tatsuniya. To ina zan kai 78? Takardar umarnin da aka aiko mana ba ta faɗa ba. Ta dai ce a ba da tazara, a sa takunkumi, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji.

Bari in ba ku labarin ranar da masu dubawa suka zo, ko da yake da ni aka yi abin, kuma ba na alfahari da shi. Tun da yamma labari ya iso cewa gobe akwai baƙi. Da sassafe muka tankaɗe toka muka zana da'ira goma sha shida a ƙasan kowane aji, igiyar nan ce ma'auni. Muka zaɓi yaran da rigarsu ba ta yage ba muka zaunar da kowa a da'irarsa. Aka tura manyan yara tuƙa-tuƙa suka ciko bokiti, hedimasta ya buɗe durowa ya fito da sabulu guda ɗaya da yake ta ɓoyo, aka yanka shi gida uku da reza. Sauran yara, ɗaruruwa, aka kora su bayan makaranta gindin tsamiya aka ce kowa ya kama bakinsa.

Babban cikin baƙin ya leƙo ajina, ya dubi da'irorin, ya ce, "Madalla Malam, haka ake so." Na ce, "Ranka ya daɗe, muna dai ƙoƙari." Aka ɗauki hoto, suka sa hannu a littafin baƙi, mota ta tashi. Ƙurarta ba ta kwanta ba yara suka kwararo aji, kafin minti biyar ƙafafu sun share tokar tas.

Wani yaro ɗan aji huɗu, irin masu bakin nan, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ita cutar sai ranar da baƙi suka zo take kama mutum?"

Na daka masa tsawa ya zauna, don ba ni da amsa. Har yau kuwa ba ni da ita. Abin da muka koya wa yaran nan a ranar ya fi duk wani darasin lafiya zama a kansu: dokar hukuma abu ce da ake yi don ganin ido. Wannan ita ce ɓarnar da ba a lissafa ba. Duk ranar da ka kafa wa mutane dokar da kai ma ka san ba za ta yiwu ba, gobe in ka zo da wadda za ta yiwu, tare za su haɗa su su watsar. A yankin da har yanzu dattawa ke tuna gwajin maganin Pfizer a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da rigimar allurar shan inna ta 2003, yarda ba abin wasa da ita ba ce.

Abin da ya fi ba ni haushi sai daga baya na gane shi. Yaran da muka ɓoye a gindin tsamiya, su ne suke wurin da ya fi aminci. Mu muna ɗauka cutar nan a feshin tari da atishawa kaɗai take, ya fita ya faɗi ƙasa nan kusa, shi ya sa ake maganar mita ɗaya ko biyu. Ashe akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta, mai fita da numfashi da magana, ya tsaya yana yawo a iska. Misalinsa turaren wuta ne. In uwargida ta sa shi a ɗaki ta saki labule, wanda ke bakin ƙofa ma sai rigarsa ta ɗauka, ko da bai matsa kusa da kaskon ba. In kuwa a tsakar gida ta ajiye, na kusa ma da ƙyar zai ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fito fili ta ba wannan hanya muhimmancinta ba sai a 2021. Shi kansa Anthony Fauci, babban likitan da Amurka ta sa a gaba a lokacin, ya shaida wa kwamitin majalisarsu a 2024 cewa tazarar ƙafa shida ɗin nan (kusan mita biyu) da suka yi ta nanatawa ba daga wani gwaji na musamman ta fito ba. Ba wai tazara ba ta da amfani ba ne, tana da shi, wanda ke gab da mai tari ya fi shaƙa. Amma yara goma sha shida a rufaffen aji na awa huɗu ba su tsira ba don an ja musu layin toka.

Kuma mu ai mun san wannan tun kafin korona. Duk bazara, in zafi ya tsananta aka fara jin sanƙarau, me ma'aikatan lafiya ke cewa a rediyo? A daina cunkushewa a ɗaki, a buɗe taga, a fito waje a kwana. Kakata ta sha ba mu labarin zamanin agana, yadda ake yi wa mai ita bukka a bayan gari, wanda ya taɓa yi ya warke shi ke kai masa abinci. Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa in annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita, da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham, da yadda Amru ɗan Asi ya ce wa jama'a su watsu cikin duwatsu lokacin annobar Amwas. Ka lura, watsuwa ya ce a yi a sarari. Abu ɗaya da ƙauye ya fi birni shi ne fili da iska. Makarantarmu tana da darbejiya bakwai da tsamiya ɗaya, ga filin ƙwallo. Da takardar nan ta ce "ku fitar da yara inuwa, ku raba su rukuni-rukuni," da a ranar za mu aiwatar ba tare da an kashe ko sisi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba wanda ya tambaye mu.

Na san karatun gindin bishiya ba aljanna ba ne. Akuya za ta ratsa, mai tallan ƙosai za ta tsaya, hankalin yaro yana kan duk babur ɗin da ya wuce. Da damina ba ya yiwuwa kullum, da hunturu kuma ƙura da sanyi za su kora ku ciki. Ga ƙarancin malamai: mu biyar ne a kan aji shida, in ka raba yara gida uku wa zai tsaya a kan sauran? An gwada raba zuwa, wasu da safe wasu da rana, sai na ranar ya ci karo da Islamiyya da kiwo da talla, malami kuma ya yi aiki biyu a kan albashi ɗaya. Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Rabin tsari da ake bi kullum ya fi cikakken tsarin da ake bi ranar da baƙi suka zo.

Wuraren aiki kuwa, nan abin ya koma ban dariya. Gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna su yi aiki daga gida, jihohi ma suka sallami nasu. Wannan ya yi, tunda albashi zai shigo ƙarshen wata. Amma a garinmu mutum nawa ne ke da ofis? Wurin aikinmu gona ce, da fadama, da kasuwa, da tasha, da gindin injin niƙa. Ƙanena ɗan ƙwadago ne, dashen shinkafa yake bi. Da na karanta masa sanarwar sai ya ce, "Yaya, to a turo mini fadamar gida mana." Shi a gona ma ba shi da matsala, sarari ne. Hatsarin yana cikin a-kori-kurar da ke kwasarsu su talatin da asuba, kan wani a hammatar wani.

Aka ce direbobi su rage fasinja. Direba bai ƙi ba, sai ya ninka kuɗin mota, don man da zai sha bai ragu ba. Da mutane suka kasa biya aka koma gidan jiya, da dabara ɗaya: in an kusa shinge sai mutum uku su sauka su zaga ta cikin gona, a tsince su a gaba. Na yi wannan zagayen da ƙafata a hanyar Gujungu, ina riƙe da takalmi a hannu. Kasuwa kuwa, ko ta Gujungu ranar Lahadi ko karar Maigatari ranar Alhamis, wanda ya taɓa shiga ya san ba wurin igiya ba ne. In an hana ta ci a filinta, sai ta ci a lungu, inda ya fi matsi. Mai tumatir ba zai zuba ido kwandonsa ya ruɓe ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma tallafin da aka yi ta faɗa a rediyo, a unguwarmu dai labarinsa muka ji.

Da za a tambaye ni abin da ya fi igiya amfani a wurin aiki, zan ce a kula da mota da rufaffen ɗaki, a bar mutanen sarari su nemi abincinsu. Sannan a sama wa mai zazzaɓi da tari dalilin zama a gida. Lebura ba zai kwanta ba in kwanciyar tana nufin ba a ɗora tukunya. Kwanon gero biyu da mai unguwa zai kai gidan wanda ya kwanta ya fi shela goma aiki.

Sai rufe makarantu, wanda shi ne tazarar da ta fi kowace tsada. An rufe a ƙarshen Maris, 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma a watan Agusta don jarrabawar WAEC, mu kuwa sai da aka yi kaka. An ce yara su bi darasi a rediyo. Rediyon gidan tana rataye a kafaɗar maigida, shi kuma yana gona. Yaran da aka ce an raba su da cunkoson aji suna can a cunkushe a layin tuƙa-tuƙa da dandali. Da muka dawo, yaran da na bari suna haɗa baƙi sun koma ba sa bambance "ba" da "da". 'Yan mata shida a ajin ƙarshe ba su dawo ba. Na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Mahaifin ɗaya ya tarbe ni a zaure da mutunci, ya sa aka kawo mini fura, ya ce, "Malam, ku kuka ce su zauna a gida. Ta zauna, mai so ya fito, mun ba shi." Ban iya ce masa komai ba, na sha furata na yi sallama.

Kada kuma a manta da almajiran da gwamnonin Arewa suka yi ta mayarwa jihohinsu a tsakiyar annobar. Da sunan hana cunkoso aka loda yara a motoci, gwiwa da gwiwa, tafiyar sa'o'i, aka sauke na Jigawa a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Dutse, aka gwada aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu. A tsangayarsu a fili suke karatu, a gindin bishiya.

Wani zai ce korona ta wuce, tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, me ya kawo tone-tone? Abin da ya kawo shi, a shekarar 2023 mashaƙo ya addabi Kano, shi ma ta numfashi yake yaɗuwa, kuma yara ya fi kamawa. Sanƙarau bai daina leƙo mu da bazara ba. Wata za ta zo, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ajina yana nan mita bakwai da tara, yaran sun ƙaru ba su ragu ba.

Tagogin ajin guda huɗu ne. Uku daga ciki an buga musu langa-langa da ƙusa tun shekarar da ɓarayi suka shiga suka kwashe benci, ɗayar ce kaɗai ke buɗuwa, ita ma rabi. Na yi wa kafinta magana ya zo ya duba, ya ce in an samu rodi a gindaya, zai cire kwanon ya sa marfi mai buɗewa. Ranar Asabar akwai zaman kwamitin iyaye da malamai a ƙofar gidan dagaci, kuma na riga na roƙi hedimasta ya sa maganar tagogin nan a gaba da maganar fenti. Igiyar kuwa na ba maigadi, ya ce za ta yi masa ɗaurin akuya.