Uba ya keta rigarsa, ɗa ya keta littafin

Watan tara ne a ƙidayar Yahudawa, tsakiyar hunturu a Urushalima, wajen shekara ta 604 kafin haihuwar Almasihu. Sarki Yehoyakim yana zaune a ɗakinsa na lokacin sanyi, kaskon wuta na ci a gabansa, fadawa na tsaye. Aka kawo masa naɗaɗɗen littafin da annabi Irmiya ya shifta wa magatakardansa Baruk, cike da gargaɗi a kan abin da zai sami ƙasar in ba a tuba ba. Wani bafade mai suna Yehudi ya fara karantawa. Da ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke wurin, ya jefa a wuta. Haka ya yi ta yi har littafin ya zama toka. Mutum uku daga cikin manyan fada suka roƙe shi kada ya ƙone, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Shekara 18 kafin wannan rana an karanta wa mahaifinsa Yosiya wani littafin a cikin birnin nan. Ana gyaran Haikali ne babban firist Hilkiya ya tsinci littafin Shari'a da aka daɗe da mantawa da shi, ya ba Shafan magatakarda, shi kuwa ya karanta a gaban sarki. Yosiya yana da shekara 26 a lokacin. Da ya ji abin da ke ciki sai ya keta tufafinsa, ya aika manyan mutanensa wurin annabiya Hulda su tambayo masa abin da Ubangiji yake so. Daga nan ya tara jama'a, manya da yara, ya karanta musu da bakinsa, ya sa aka fitar da kayan gumaka daga Haikali aka ƙone. Ɗaya daga cikin mutum ukun da suka roƙi Yehoyakim daga baya shi ne Gemariya, ɗan Shafan ɗin nan. Gidan magatakarda ya riƙe halinsa, gidan sarki ne albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A ganina, duk wanda yake son ya gane bambancin sarakunan kirki da na banza a tarihin Isra'ila ta dā, to ya tsaya a waɗannan ɗakuna biyu. Mun saba cewa wannan ya bauta wa gumaka, wancan ya rushe su, kuma gaskiya ne. Sai dai kafin a kai ga gunki akwai wata rana da wani ya tsaya gaban sarki ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Abin da sarkin ya yi da mutumin nan shi ne ya nuna wa yake bauta wa.

Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930, ɗansa Rehobowam ya watsar da shawarar dattawa da suka ce ya sassauta wa talakawa aikin tilas, ya bi ta samarin da suka tashi tare. Kabilu goma suka ɓalle, suka kafa masarautarsu a arewa. Masarautar arewa ta kai shekara ta 722 kafin Assuriyawa su cinye Samariya, babban birninta, kuma Littafin Sarakuna na cikin Littafi Mai Tsarki bai yabi ko ɗaya cikin sarakunanta da cikakken yabo ba. Ta kudu, wato Yahuza, ta kai 586 lokacin da Babila ta ƙone Urushalima.

Ma'aunin marubutan nan ba irin namu ba ne. Omri, sarkin arewa, ya sayi tudun Samariya ya gina babban birni, ya yi suna har Assuriyawa suka ci gaba da kiran ƙasar "gidan Omri" fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa, amma ayoyi kaɗan aka ba shi. Ɗansa Ahab kuwa, rubutun da Shalmanesar na uku, sarkin Assuriya, ya bari a kan dutse ya ce ya zo yaƙin Karkar a shekara ta 853 da karusai 2,000 da sojoji 10,000. Littafi Mai Tsarki ko ambaton wannan yaƙi bai yi ba. Abin da ya ɓata babi guda a kai shi ne gonar inabin wani talaka, Nabot mutumin Yezreyel, wanda ya ƙi sayar wa sarki gadon kakanninsa don a mai da shi lambu. Yezebel matar Ahab ta shirya shaidun zur, aka jejjefi Nabot, sarki ya shiga gona. Duk wanda ya taɓa ganin an ƙwace gonar gado da takarda da hatimi ya san ciwon wannan labari.

Ahab yana da annabawa wajen 400 masu faɗa masa abin da ransa ke so. Da Yehoshafat sarkin Yahuza ya tambaya ko akwai wani dabam, Ahab ya ce akwai Mikaiya ɗan Imla, amma ya tsane shi domin bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. Ashe ya san inda gaskiya take. Ya sa aka kulle Mikaiya, ya tafi yaƙin Ramot Gileyad ya ɓad da kama, kibiya ta same shi duk da haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda suka fara da kyau. Asa sarkin Yahuza ya yi shekara 41 a kan mulki, ya sauke kakarsa Ma'aka daga matsayinta saboda gunki, amma da annabi Hanani ya tsawata masa a kan dogara ga sarkin Suriya sai ya jefa shi kurkuku. Yowash ya fi ban tausayi. Yana jariri gwaggonsa Yehosheba ta ɓoye shi daga kisan da Ataliya, uwar sarkin da ya mutu, take yi wa 'ya'yan gidan sarauta, ya yi shekara 6 a ɓoye cikin Haikali, mijinta Yehoyada firist ya naɗa shi sarki yana ɗan shekara 7. Muddin tsohon nan na raye Yowash na kan hanya, har gyaran Haikali ya yi. Da ya rasu, sarakunan gargajiyar Yahuza suka zo da fadanci, sarki ya saurare su. Zakariya ɗan Yehoyada ya tashi ya yi gargaɗi, Yowash ya ba da umarni aka jejjefe shi a harabar Haikalin da mahaifin Zakariya ya raini Yowash a ciki. Wannan ya nuna mini cewa tsoron Allah na aro ba ya wuce ran wanda aka ara a wurinsa.

Wani zai ce, to me biyayya ta jawo wa Yosiya? Fir'auna Neko ya kashe shi a Magiddo a shekara ta 609 yana da shekara 39, alhali kakansa Manassa, wanda ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, ya yi shekara 55 yana sarauta, fiye da kowa a Yahuza. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na jin ya kamata a rufe ta da wa'azi mai daɗi. Littafin bai yi wa kowa alkawarin cewa aminci ciniki ne da ake biya da tsawon rai ba. Bai kuma ɓoye laifin na kirki ba: Littafin Tarihi ya ce Yosiya kansa ya ƙi jin kashedin da aka yi masa kafin wannan yaƙi. Haka bai rufe ƙofa ga mugu ba, domin ya ce Manassa ya ƙasƙantar da kansa lokacin da aka kai shi Babila a ɗaure, Allah kuma ya ji shi.

Irmiya ne ya kwatanta uban da ɗan da kansa. Ya ce Yehoyakim yana gina benaye da katakon al'ul yana shafa musu jan fenti, ma'aikata kuwa ba a biyansu ladan guminsu, a lokacin da ake tatsar talakawa haraji don biyan Masar. Mahaifinsa ma ya ci ya sha, in ji annabin, amma ya tsaya wa matalauta da masu bukata a shari'a, kuma wannan shi ne sanin Ubangiji. Na daɗe ina tunanin wannan magana, domin ta ɗaure ibada da haƙƙin leburan da ke ɗaukar bulo a igiya ɗaya.

Shi ya sa ba na jin daɗi idan na ga mai wa'azi ya hau bagadi yana kiran mai mulki Yosiya ko Hezekiya, wani sarkin kirki na Yahuza, don kawai ya ba da gudummawar gini. Yowash ma ya yi gini. Ni tambayar da zan yi ita ce, ina Mikaiyansa, kuma yana ina yanzu? Tambayar ba ta masu mulki kaɗai ba ce. Fasto da limami da maigida da shugabar mata duk suna da wanda ya taɓa ce musu gyara kayanka, suka ɗauke shi sauke mu raba. Da yawanmu ba mu ƙona takarda, sai dai mu daina gaisawa da wanda ya kawo ta.

Yehoyakim ya aika a kama Irmiya da Baruk, ba a same su ba. Wani annabin, Uriya, an bi shi har Masar an dawo da shi, sarki ya kashe shi da takobi. Irmiya kuwa ya ɗauki sabon littafi ya ba Baruk, suka sake rubuta duk abin da aka ƙone, aka ƙara wasu maganganu masu yawa irinsu. A shekara ta 597 Nebukadnezzar sarkin Babila ya shiga Urushalima ya tafi da Yekoniya ɗan Yehoyakim Babila, bayan wata uku kacal a kan gadon sarauta.