Wa ake tambaya in an zo auna shirin noman shinkafa?

Tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da Anchor Borrowers, shirin ba manoma rancen noma, garuruwanmu na fadama ba su huta da baƙi masu fom ba, wai sun zo bincike su gani ko tallafi ya amfani manomi. Ni ma an taɓa ɗaukata aikin cike fom ɗin nan na kwana biyar a wajejen Argungu, don haka ba ji na yi ba.

Wallahi motarmu ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Ƙofar gidan mai gari ake shimfiɗa tabarma, shugaban ƙungiya ya turo waɗanda ke cikin lis ɗinshi, wani ma ka kalli tafin hannunshi ka san rabonshi da fartanya tun yana firamare, shi kuwa mai noman gaske yana can cikin fadama yana fama da injin ban ruwa ba wanda ya tuna da shi, balle matan da ke turara shinkafa a cikin gida.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Na ce Baba, buhu nawa ka samu bana? Ya daɗe yana kallona sannan ya ce, "Ɗana, mi kaka so in ce? In taimako za a kawo in rage, in bashi za a ƙara in ƙara." Dariya muka yi, amma fa lambar da ya faɗa ita na rubuta, kuma da irinta ake haɗa rahoto.

Ba wai ba a ci moriya ba, shinkafa ta yi daraja, ga kamfanonin gyaran shinkafa irin su Labana, da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Amma fom ɗin da na riƙe buhu kawai yake ƙirgawa. Babu gurbin me ya rage bayan kuɗin ƙwadago da takin da ya iso bayan shuka ta wuce, babu na wanda ambaliya irin ta 2020 ta cinye gonarshi ta bar shi da bashi. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 sai dai mai noman rani ya ba ka labari.

In za su dawo, don Allah su zo watan Satumba lokacin da gulbi ya cika, su aje mota su shiga kwalekwale.