Maƙwabcin da ya hana kowa sakat

Sabar da nake haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafina na intanet, ba tawa ba ce ni kaɗai. Babbar kwamfuta ɗaya ce aka yanka ta ɗaki-ɗaki, abin da ake kira VPS. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma faifan ajiya da masarrafi na kowa ne, kamar gidan haya mai famfo ɗaya.

Na saita cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa kwafe bayanaina da ƙarfe 12 na dare, wai lokacin da kowa ya yi barci. Sai ga shi kullum da tsakar dare shafina ya kama jan ƙafa. In buga umarni, in zauna ina kallon ɗigon nan yana ƙiftawa. Na duba top, mai nuna aikin da sabar ke yi, na ga masarrafin zaman jiran faifai kawai yake yi. Nan take na yanke hukunci: akwai wani marar tausayi a injin nan da ke shanye mana komai. Na tsine masa, na rubuta wa kamfanin doguwar takardar koke, har da cewa a kore shi.

Ina jiran amsa sai faifai ya cika maƙil, MySQL, manhajar da ke adana bayanan shafin, ta ƙi rubuta ko harafi ɗaya, shafi ya faɗi. Da na leƙa, ashe umarnin tar ɗin da na rubuta, mai haɗa fayiloli a ƙunshi ɗaya, yana dunƙule sabar gaba ɗaya, har da jakar da yake zuba kwafin a ciki. Kwafin yau ya haɗiye na jiya, na jiya kuma da na shekaranjiya a cikinsa. Kuma duk suna kwance a faifai ɗaya da ainihin bayanan. Na tuna gobarar da ta ci wata cibiyar bayanai a Strasbourg ta Faransa a Maris 2021, inda wasu suka rasa bayanansu tare da kwafin da suka ajiye a wuri guda, jikina ya yi sanyi.

Ina cikin tura komai wata sabar da rsync, manhajar kwafe fayiloli, sai amsar kamfanin ta iso, cikin ladabi. Sun ce sun bincika, sun gano mai takura wa maƙwabtan. Suka ba da shawarar ionice, mai rage wa aiki fifiko a kan faifai, da sauya lokacin kwafin, sannan suka tambaya ko har yanzu ina so a kore shi, tunda lambar sabar da suka gano tawa ce.