Richard Thompson da tsoffin waƙoƙinsa: wace ce ta cancanci a sake rerawa?

A shekarar 2014 Richard Thompson, mawaƙin Birtaniya kuma gwanin kaɗa jita, ya fitar da kundi mai suna Acoustic Classics, inda ya sake rera waƙoƙi 14 daga cikin tsoffin waƙoƙinsa, shi kaɗai da jitar katako, ba ganga, ba jitar lantarki, ba 'yan amshi. Duk lokacin da mawaƙi ya yi irin wannan aiki, zargin da ake fara yi masa shi ne basira ta ƙare, ya koma cin tsohon guzuri. Zargin bai dace da Thompson ba, amma kuma kundin bai kai yabon da masoyansa suke zuba masa gaba ɗayansa ba, domin waƙoƙin da ke ciki ba su amfana da sabuwar rerawar daidai wa daida ba.

An haifi Thompson a Landan a 1949, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Fairport Convention a 1967, ƙungiyar da ta ɗauki waƙoƙin gargajiyar Ingila ta ɗora su a kan kayan kiɗan lantarki. Bayan ya bar ta, ya yi shekaru yana waƙa tare da matarsa Linda, su biyun kuma sun karɓi Musulunci a tsakiyar shekarun 1970 ta hannun wata ɗariƙar Sufaye. Daga wannan zamani ne mafi kyawun abin da ke cikin kundin 2014 ya fito. Waƙoƙi irin su Dimming of the Day da Walking on a Wire, Thompson ne ya rubuta su, amma Linda ce ta rera su tun asali, da muryarta mai tsabta wadda ke sa mai sauraro ya ji kamar kukan mace ɗaya ce. Da ya ɗauke su yana ɗan shekara 65, da muryarsa mai kauri wadda ba ta da zaƙin ta Linda, sai ma'anarsu ta sauya. Dimming of the Day, wadda ta fito a 1975 a farkon shigarsu tafarkin Sufanci, tana iya zama roƙon masoyi ga masoyiya, tana kuma iya zama bege irin na bawa ga Ubangijinsa, kuma a bakin dattijon da ya rubuta ta fuska ta biyun ce ta fi fitowa.

Mai sauraron waƙar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Marigayi Mamman Shata ya rera Bakandamiya sau da dama, kowane lokaci da ƙari ko ragi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya gaza ƙirƙirar sabuwa ne. Kamfanonin faifai ne suka koya wa mutane ɗaukar rerawar farko da aka naɗa a matsayin waƙar kanta.

Maganar kamfanoni ma tana da muhimmanci a nan. Tsoffin faya-fayan Thompson sun fito ne a ƙarƙashin kamfanoni daban-daban, irin su Island da Hannibal da Capitol, alhali wannan kundi ya fito a ƙarƙashin nasa kamfanin, Beeswing. Mutumin da ya daɗe yana yawon wasa shi kaɗai da jitarsa yana da haƙƙin ya mallaki faifan da ke kama da abin da jama'a ke ji a dandalinsa, kuma neman kuɗi ta wannan hanya ba abin kunya ba ne.

Inda kundin ya yi rauni shi ne waƙoƙin da tun farko ba su da kayan da za a cire musu. 1952 Vincent Black Lightning, labarin wani ɗan ta-kife da babur ɗinsa da budurwarsa, ta fito a 1991 da murya da jita kaɗai, saboda haka sabuwar rerawar ba ta ƙara komai ba sai nuna cewa yatsunsa ba su tsufa ba. Akasin haka, Shoot Out the Lights ta 1982, wadda aka gina a kan rurin jitar lantarki, ta tilasta masa nemo nauyin ta wata hanya: yana bugun manyan tsirkiyoyi da ɗan abin kaɗawa, sauran yatsun kuma suna jan ƙanana a lokaci guda, har mutum ya rantse makaɗa biyu ne.

A 2017 ya ƙara da kundi na biyu a wannan salo, ya koma har zamanin Fairport ya ɗauko Meet on the Ledge, wadda ya rubuta yana matashi ɗan ƙasa da shekara 20. Irin waɗannan ne suka cancanci aikin, wato waɗanda wani ya rera, ko kayan kiɗa suka lulluɓe, ko kuma shekaru suka raba su da mai su. Da ya taƙaita kundin farko a kansu, ya bar wa faifan 1991 waƙar babur ɗinsa, da aikin ya fi haka ƙarfi.